Robert Moog: Injiniyan Da Ya Ƙera Rariyar Sauti, Ya Kuma Yi Shekara 25 Ba Shi Da Iko Da Sunansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen biki a zango ya ga mai fiyano ya murɗa wani ɗan abu, sauti ya dushe kamar an kife shi da ƙwarya, sannan ya sake buɗewa a hankali, to ya ji aikin mutumin da za mu kawo tarihinsa yau, ko da kuwa bai taɓa jin sunansa ba. Sunansa Robert Arthur Moog, Ba'amurke ne, abokansa na ce masa Bob. Ana rubuta sunan da "o" biyu, amma "Mog" ake faɗi, a ɗan ja wasalin. Ba mawaƙi ba ne, ba kuma shahararren makaɗi ba. Injiniya ne, irin masu zama da ƙarfen like da tarkacen rediyo a gabansu.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1934, a birnin New York, ya tashi a unguwar Flushing da ke yankin Queens. Mahaifinsa George injiniya ne a kamfanin wutar lantarki na Consolidated Edison, kuma yana da ɗan ɗakin aiki a ƙarƙashin gidansu. Mahaifiyarsa kuwa burinta ɗanta ya zama gwanin fiyano, don haka ta ɗora shi a kan darasi tun yana ƙarami. Yaro ya koyi fiyanon daidai gwargwado, amma hankalinsa na can ƙasa wajen baba, inda ake haɗa rediyo da amfilifaya.

Yana ɗan shekara 14 zuwa 15 ya ci karo da zanen wata na'ura a mujallar masu sha'awar lantarki. Sunanta teremin, wani Barashe mai suna Leon Theremin ya ƙirƙiro ta wajen 1920. Abin mamakinta shi ne ba a taɓa ta. Tana da eriya biyu, mutum ya kai hannu kusa da ɗaya sauti ya hau, ya kai ɗaya hannun kusa da ta biyu ƙara ta ragu. Bob ya haɗa tasa, kuma daga nan bai sake rabuwa da ita ba har ƙarshen rayuwarsa. Yana ɗan shekara 19 shi da mahaifinsa suka fara ƙera ta suna sayarwa da sunan kamfanin R. A. Moog.

Bai bar karatu ba. Ya gama makarantar sakandaren kimiyya ta Bronx a 1952, ya yi digiri a kimiyyar fiziks a Kwalejin Queens da wani a injiniyan lantarki a Jami'ar Columbia, ya wuce Jami'ar Cornell neman digirin dakta. Wannan na ƙarshen bai kammala shi ba sai 1965, domin sana'a ta riƙa cinye masa lokaci. A farkon 1961 ya buga bayanin yadda ake haɗa teremin da tiransista a mujallar Electronics World, ya ce yana sayar da kayan haɗin a kan kusan dala 50. Ya sayar da wajen guda 1,000. Da wannan kuɗi ya kama wani tsohon shagon kayan ɗaki a ƙaramin garin Trumansburg na jihar New York a 1963.

Haɗuwar da ta canza komai

A ƙarshen 1963, wajen wani taron malaman kiɗa a garin Rochester, ya haɗu da Herbert Deutsch, mai tsara kiɗa kuma malamin jami'a. Deutsch ya koka masa kan wahalar da suke sha. A wancan zamani mai son yin kiɗan lantarki sai ya ɗauki sauti a tef, ya yanka da reza, ya liƙa, ya sake yankawa, kwana da kwanaki a kan kiɗan minti ɗaya. Babbar na'urar da ake da ita kuwa, RCA Mark II da ke Jami'ar Columbia, ɗaki guda ta cika, kuma da takarda mai huji ake ba ta umarni.

A damunar 1964 Deutsch ya je Trumansburg, suka yi makonni suna gwaji. Abin da Moog ya fito da shi tsari ne mai sauƙin fahimta. Maimakon na'ura ɗaya ƙatuwa, sai ya raba aikin gida-gida, kowane ɗan akwati da nasa aiki. Wani ya haifar da sauti, wani ya ƙara ko ya rage ƙara, wani ya tsara yadda sauti zai tashi da yadda zai mutu. Mai kiɗa ne zai jona su da igiyoyin waya yadda ya ga dama, kamar yadda ma'aikatan gidan tarho na da suke jona kira. Sirrin kuma shi ne ƙarfin wuta ke ba kowane akwati umarni. Ya tsayar da ƙa'ida cewa duk ƙarin bolt ɗaya zai ninka tsayin sauti sau biyu. Har gobe masu ƙera irin waɗannan na'urori a kan wannan ƙa'ida yawancinsu suke.

A watan Oktoban 1964 ya kai kayansa babban taron injiniyoyin sauti a New York. Nan take ya samu masu saye, na farkonsu Alwin Nikolais, mai tsara raye-rayen dandamali. A can gaɓar yamma, a California, wani injiniya Don Buchla yana irin wannan aiki a lokaci guda ba tare da sun haɗa kai ba. Bambancinsu, Buchla ya ƙi sa allon fiyano, Moog kuwa ya sa, bisa shawarar Deutsch. Wannan allo shi ya sa makaɗa na yau da kullum suka ga abin nasu ne.

Mene ne rariyar sauti?

To, a nan ne muka zo kan abin da ya fi ɗaukaka sunansa. Sautin da lantarki ke haifarwa tun asali ba shi da daɗi, wani zuuu ne mai kaifi kamar na ƙudan zuma a cikin gwangwani. Dalili kuwa, a cikin sauti ɗaya akwai sautuka da yawa a jere, mai kauri a ƙasa, sirara bisa sirara a samansa. Yawan siraran da ƙarfinsu shi ke bambanta muryar algaita da ta sarewa ko da waƙa ɗaya suke busawa. Idan kana da abin da zai tankaɗe siraran nan, ya bar wanda kake so, ya zubar da wanda ba ka so, ka samu hanyar sassaƙa murya. Wannan abu shi masu sana'ar ke kira filta, mu kuwa mu ce rariya ko matacin sauti.

Kowa ma yana yawo da irinta a bakinsa. Gwada ka ja muryarka a tsayi ɗaya, ka ce "uuu", sannan ka buɗe baki a hankali zuwa "aaa". Maƙogwaro bai canza komai ba, baki ne ya buɗe hanya siraran sautuka suka fito. Haka abin murɗa bes da tirebul a amfilifayar masallaci, shi ma rariya ce. Tsohon layin tarho kuwa sautin da ke tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa kawai yake bari ya wuce, alhali kunnen yaro mai lafiya na jin daga wajen 20 har 20,000. Shi ya sa muryar mutum a waya ba ta cika kamar ta ido da ido.

Ke nan ba Moog ne ya fara ƙirƙiro rariya ba, injiniyoyin tarho sun riga shi da shekaru masu yawa. Nasa sabon abu shi ne rariyar da ke motsi, wadda ƙarfin wuta ke buɗe ta ya rufe ta cikin ƙiftawar ido. Gustav Ciamaga na Jami'ar Toronto a Kanada na cikin waɗanda suka nemi ya ƙera musu irinta. Moog ya jera tiransista bibbiyu hawa-hawa, ya gitta kafasita huɗu a tsakani. Wanda ya dubi zanen sai ya ga kamar tsani, daga nan sunan rariyar tsani ya bi ta. Matakan nan huɗu suna yanka sosai, abin da injiniyoyi ke aunawa da desibel 24: da zarar sauti ya wuce iyakar da aka sa, duk ninki ɗaya na tsayinsa ƙarfinsa zai ragu ya koma kusan kashi ɗaya cikin 16. Ya nemi takardar mallakar wannan ƙirƙira a Oktoban 1966, gwamnatin Amurka ta ba shi a Oktoban 1969, mai lamba 3,475,623. A cikin duk akwatunan na'urar, wannan kaɗai ya yi wa rajista. Sauran ya bar su a fili, kowa ya kwafa.

Abin da makaɗa suka yi da ita

A babbar na'urar, akwatin da ke zubar da sirara ya bar masu kauri shi ne mai lamba 904A. Ɗan'uwansa 904B akasin haka yake yi. Akwai na uku, 904C, mai haɗa su biyun, ya bar tsakiyar sauti kawai ko kuma ya ƙwaƙule tsakiyar ya bar gefe da gefe. Ga kuma 914, jerin rariyoyi tsayayyu da abin murɗawa 14, wanda ake kwaikwayon cikin goge ko kogon baki da shi.

Dabara ta farko ita ce a ɗaura rariyar a kan akwatin da ke tsara tashi da mutuwar sauti, wanda Vladimir Ussachevsky na Jami'ar Columbia ya ba da shawarar fasalinsa. Idan rariya ta buɗe farat ɗaya ta rufe da sauri, sai ka ji kamar an tsinki tsirkiyar molo. Idan ta buɗe da ɗan jinkiri, sai ka ji kamar ƙaho. Wendy Carlos ta ƙware a wannan. A faifanta na 1968, Switched-On Bach, ta ɗauki kiɗan Johann Sebastian Bach, Bajamushen da ya mutu tun 1750, ta sake gina shi da na'urar Moog. Da yake na'urar sauti ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, sai da ta ɗauki kowane layi shi kaɗai a tef, tana sauya saitin rariya. Faifan ya ci kyautar Grammy uku, ya sayu fiye da miliyan ɗaya, kuma shi ya shigar da sunan Moog gidajen mutane.

Dabara ta biyu ta fi ban mamaki. Moog ya sa wata hanya da ke maido da ɗan abin da ya fita daga rariya ya sake shiga ta baki. Idan aka ƙara ta kaɗan, sautin da ke daidai kan iyaka sai ya yi tsini, ya ba da wannan "wau-wau" mai kama da maganar mutum. Idan aka murɗa ta har ƙarshe, rariyar da kanta sai ta fara fito, ko ba a zuba mata komai ba. Abin da injiniya zai kira matsala, makaɗa suka mai da shi sarewa, kukan tsuntsu da ɗigar ruwa. Akwai dai farashi: duk lokacin da aka ƙara wannan tsini, kaurin ƙasa yakan ragu, kuma gwanaye sun san yadda suke auna tsakani.

Ta uku, a zuba mata shuuu irin na rediyon da bai kama tasha ba. A ja rariya a hankali, a samu iska ko igiyar teku. A datse ta gajere, a samu ƙarar ƙaramar ganga ko kacau-kacau. 'Yan Beatles sun yi amfani da shuuu ɗin Moog a faifan Abbey Road na 1969, a ƙarshen waƙar I Want You, inda yake ta hauhawa kamar guguwa. A birnin Munich na Jamus kuwa, Giorgio Moroder ya gina kusan duk kiɗan waƙar Donna Summer ta 1977, I Feel Love, da babbar na'urar Moog, in ban da babbar gangar ƙafa da mutum ya buga.

Ta huɗu, ai ba dole sai sautin lantarki za a tace ba. Ana iya jona makirfo ko gita. Tun 1967 ƙungiyar The Doors ta bi da muryar mawaƙinta ta cikin na'urar a waƙar Strange Days. Moog ya kuma ƙera wa Carlos wata na'ura mai rariyoyi goma da ke ɗaukar siffar maganar mutum ta ɗora wa sautin lantarki, aka ji ta a fim ɗin A Clockwork Orange na 1971. Muryar nan mai kama da ta mutum-mutumi da ake ji a waƙoƙi da yawa, ɗaya daga cikin hanyoyin yin ta ke nan.

Baƙaƙen fatar Amurka kuma suka kai abin wani wuri daban. Stevie Wonder ya yi faifansa na farkon shekarun 1970 tare da Malcolm Cecil da Robert Margouleff, masu wata ƙatuwar na'ura da ake kira TONTO, wadda aka fara gina ta a kan ta Moog. Bernie Worrell na ƙungiyar Parliament ya ajiye gitar bes gefe a waƙar Flash Light, ya buga kaurin da Minimoog. A nan yammacin Afirka ma, William Onyeabor na Enugu ya yi faifansa da kayan Moog a shekarun 1970 da 1980.

Gwani a bita, baƙo a kasuwa

Sai dai ɗaukaka daban, riba daban. Babbar na'urar takan kai wajen dala 10,000, masu iya sayenta ba su da yawa. Ƙungiyar makaɗan Amurka ma ta taɓa hana amfani da ita a ayyukan kasuwanci na wani lokaci, don tsoron kada ta raba mambobinta da abinci. Bayan rububin 1969, lokacin da ma'aikatan shagon suka kai wajen 40, sai kasuwa ta tsaya cik, ga kaya jibge, ga bashi.

Cikin wannan ƙunci wani ma'aikacinsa, Bill Hemsath, ya tsinci ragowar kaya a ɗakin ajiya ya haɗa wata ƙarama da za a iya ɗauka a hannu, babu igiyoyin jonawa. Daga ita aka samu Minimoog a 1970, da rariyar tsani a tsakiyarta. An ƙera sama da guda 12,000 zuwa 1981. Ita ma makaɗa ba su bar ta haka ba, wasu sukan ɗauko waya daga mafitar sautinta su mayar mashiga, rariya ta ƙoshi fiye da kima, sauti ya yi kauri da gurnani.

Amma taimakon ya zo a makare. A 1971 bashi ya tilasta wa Moog miƙa kamfanin ga wani ɗan kasuwa, Bill Waytena, aka kwashe shi zuwa kusa da Buffalo. A 1973 aka sake sayar wa kamfanin Norlin. Mai gida ya koma ɗan albashi a kamfanin da ke ɗauke da sunan ubansa. Takardar mallakar rariya ta ɗan yi rana, domin da aka gano kamfanin ARP ya kwafe ta, ya ma dasƙare ta cikin roba don kada a gani, dole ya sauya zane. To amma takardar ta kamfani ce, kamfani kuma ba nasa ba ne. A 1977 ya ajiye aiki ya fita, ya bar sunan a baya. Doka ba ta ba shi damar buga Moog a kan abin da ya ƙera da hannunsa ba.

Ya koma tsaunukan jihar North Carolina, kusa da garin Asheville, a 1978, ya buɗe ƙaramin kamfani mai suna Big Briar, ya koma wa teremin ɗinsa. Ya yi aiki da kamfanin Kurzweil daga 1984 na wasu shekaru, ya kuma koyar a jami'ar Asheville. A tsakanin nan duniya ta juya. Yamaha ta fito da DX7 a 1983, mai aiki da lissafin kwamfuta, babu rariya a cikinta sam. Makaɗa suka yi ta zubar da tsofaffin kayansu a araha, tsohon kamfanin Moog ya durƙushe, wa'adin takardar mallaka na shekara 17 ya cika a 1986.

Dawowar suna

Abin da aka raina shi ya dawo. Matasan da suka sayi tsofaffin na'urorin nan a gwanjo suka gane cewa akwai daɗi a kama abu da hannu a murɗa, sauti ya bi hannun. A tsakiyar shekarun 1990 wani Bajamushe, Dieter Doepfer, ya farfaɗo da tsarin akwati-akwati a ƙaramin fasali da ake kira Eurorack, kuma cikin akwatunansa na farko akwai rariya irin ta tsani. Moog da kansa ya fitar da ƙaramin akwatin rariya da ake takawa da ƙafa a 1998, MF-101, wanda ƙarfin bugun mai gita ke buɗe shi. Bayan doguwar shari'a, a 2002 ya karɓo sunansa a Amurka, shekara 25 da fitarsa daga kamfanin. A shekarar ya fito da sabuwar Minimoog Voyager, ya kuma karɓi Grammy ta fasaha. Kafin nan, a 2001, Sweden ta ba shi kyautar Polar.

Shekara uku kacal ya ci da sunan. A watan Afrilun 2005 likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa, ya mutu a gidansa da ke Asheville ranar 21 ga Agusta, 2005, yana da shekara 71. Iyalinsa sun kafa gidauniya da sunansa, wadda ta buɗe gidan tarihi a Asheville a 2019.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da abu ɗaya: sauraro. Kusan kowane akwati a na'urarsa ya samo asali ne daga buƙatar wani makaɗi da ya zo shago ya faɗi abin da ke damunsa, shi kuma ya ɗauki fensir. Bai ɗauki kansa mai kiɗa ba, maƙerin kayan aiki ya ɗauki kansa. Wannan hali ya sa kayansa suka daɗe. Rashin kula da takardu da lissafin kuɗi kuma shi ya raba shi da kamfaninsa.

Masu gyaran rediyo da waya da amfilifaya a zangunanmu, da yaran da ke haɗa kiɗa a kwamfuta, akwai abin dubawa a nan. Da yawa suna da dabarar da ba a koya musu a makaranta ba, amma babu rajistar sunan shago, babu rubutacciyar yarjejeniya da mai zuba kuɗi, komai a kan amana da baki. Moog yana da digirin dakta, yana ƙasar da kotu ke aiki, duk da haka sai da ya yi rubu'in ƙarni kafin ya iya rubuta sunansa a kan kayansa. In ka buɗe manhajar haɗa kiɗa a wayarka ka ga rariya mai lamba 24, ko an rubuta mata sunan tsani da Turanci, zanen da ya yi a tsohon shagon kayan ɗaki na Trumansburg ake kwaikwaya.